Igiyar da Ban Saki Ba

Jikokina na nan Tandabawi, unguwarmu a Makka, waɗanda Hausarsu rabi Larabci ce, sun daɗe suna yi mini tsiya a kan hannuwana. Yatsuna ba sa miƙewa, tafin kuwa sumul yake, babu zanen nan da Allah ya yi wa kowa. In na miƙa musu abu sai su ce, "Sitti, buɗe hannun mana, kullum a dunƙule kamar na marowaciya." Ni kuwa in ce musu da wannan hannun na yi wa ubansu tsarki, bai taɓa kai ƙara ba. Ba rowa ce ta dunƙule shi ba, igiya ce, kuma tunda sun matsa bari in faɗa tun ina da sauran numfashi.

Maigidana mahaƙin rijiya ne, mutumin ƙasar Gumel. Sunansa ban faɗa yana raye ba, balle yanzu. A hanya Mai Dagi ake ce masa, saboda dagin ƙarfen da ba ya rabuwa da kafaɗarsa. Da ƙafa muka fito da niyyar hajji, kuma rijiya ce ta ciyar da mu tun daga Barno har bakin teku. Duk garin da muka sauka sai ya zaga, ya ɗebi ƙasa ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe, sannan ya je wurin mai gari ya ce zai haƙa sabuwa ko ya yashe tsohuwa. Da farko ƙanensa ke riƙe masa igiya. Zazzaɓi ya ɗauke ƙanen a ƙasar Wadai, muka binne shi a gindin wata aduwa, aikin ya dawo hannuna. Maza suka yi ta dariya, wai mace a bakin rijiyar da ake haƙa. Maigida ya ce ya fi yarda da mai masifa irina a kan baƙon da in ya ji kiran abinci zai manta da mutum a rami.

Igiya biyu ce. Ɗaya ta kwandon fid da ƙasa, ɗaya kuma a ƙugunsa take ɗaure, ta bi ta kan gungumen da muke gittawa a bakin rijiyar ta zo hannuna. Ranar da ya fara damƙa mini ita ya kafa mini doka guda, ya ce ko kunama ta harbe ni, ko wuta ta kama zanena, ba na sakin ta ƙugun nan, ba na ɗaure ta a itace, ba na ba wani ya riƙe mini, sai ya fito ya tsaya da ƙafafunsa ya ce da bakinsa, "Na taka, saki." Sau ɗaya a Darfur na saki don na ga ƙirjinsa ya riga ya hau baki. Wuni ya yi bai kalle ni ba, tuwona ma ya ƙi ci. Na yi masa tatas a zuci, amma ban sake ba.

Na hanyar Sudan ba zan tsaya ba ku duka ba. Mun tsinci auduga har bayanmu ya ƙage. Wani mai gona ya sa muka haƙa masa har muka tad da ruwa, ya ɗanɗana ya tofar ya ce gishiri ne, ya sako mana karnuka. Da muka waiwayo daga nesa muka hango shanunsa na sha. Wata Bafulatana da ba ta san mu ba ta ba ni ɗan ƙullin daddawa, na zauna ina shinshinawa ina kuka kamar an aiko mini da gaisuwar mutuwa. Da muka isa teku, yaƙin Turawa ya rufe hanyar da aka saba bi, sai muka gangara Musawwa, muka shiga jirgin katako na wani Balarabe a ɓoye, mu da wata ƙungiyar 'yan Katsina. Mutumin nan ya juye mu a wani gaci da babu ko tsuntsu, ya nuna wani tudu ya rantse Jidda na bayansa. Muka hau tudun, babu komai sai yashi da duwatsu. Ashe can kudu ya zubar da mu, tsakaninmu da Makka tafiyar da hajjin shekarar ba zai jira mu ba.

Haka muka ja ƙafa har wani ƙauye a gindin duwatsu. Mutanen wurin a bukkokin ciyawa suke, gine-ginen dutse kaɗan ne: masallaci, gidan mai gari, da wani tsohon ɗaki mai kaurin bango da aka ce na masu gadi ne a da. Wannan ɗakin suka ba mu masauki. Babbar cikinmu Inna Ladi ce, tsohuwar Bakatsiniya mai bakin tsiya, wadda ta riƙe ni kamar 'yarta tun cikin jirgi. Da ta ga ɗakin sai ta shafa bangon ta yi hamdala, ta ce yau dai za ta kwana a inda kura ba ta yage shi. Rijiyar ƙauyen ta ja baya, don haka suka yi murna da Mai Dagi, aka shirya zai ƙara mata zurfi su ba mu dawa da guzuri.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Maigida na can ƙasa, in na leƙa sai dai in ga ɗan farin hularsa. Tun safe jakuna ke ta kuka suna fizgar turke, ban kawo komai a raina ba. Sai na ji wani ruri, ba daga sama ba, daga ƙarƙashin tafin ƙafata, kamar ana mirgina turame a cikin ƙasa. Kafin in ce mene ne wannan, ƙasa ta zame daga ƙarƙashina ta dawo ta buge ni. Gungumen bakin rijiya ya yi tsalle. Duwatsu suka fara gangarowa daga tsauni suna karo da juna, ƙura ta tashi, awaki suka watse, wata mata da tulu a ka ta faɗi ta kasa tashi, tana rarrafe ƙasa na jifa da ita.

Mu girgizar ƙasa a Izazul kawai muka san ta, ranar tashin kiyama. Kuma a garinmu duk abin tsoro daga waje yake zuwa, ko hadari, ko mahara, ko naman daji, kowane yaro ya san in an yi ihu ɗaki ake shiga a ja ƙyaure. Ba wanda ya taɓa gaya mana ɗaki na iya zama abokin gaba. Mutanen ƙauye suna ta fitowa fili da gudu, namu kuwa suna ta kwasar kaya suna dannawa cikin ɗakin dutse. Larabawan na ɗaga musu hannu suna ihu su fito, su kuma gani suke waɗannan ne mahaukatan. Na hango Inna Ladi a bakin ƙofa, ta riƙe dogaran ƙofar da hannu ɗaya tana yafito ni.

"Hansai, taho ɗaki! Ke 'yar nan, taho!"

Wallahi da na tafi. Ƙafata har ta ɗaga. Igiyar ce ta fizge ni. Gefen rijiyar ya rufta ta ciki, ƙasar da maigida ke tsaye a kai ta burma, nauyinsa duka ya dawo hannuna. Igiyar ta zarce cikin tafina da gudu, na ji zafi kamar na damƙi garwashi, na ji ƙaurin fatata. Na naɗe ta a damtse, na faɗi rigingine, ta ja ni a kan tsakuwa har bakin ramin, na tokare ƙafafuna da dutsen baki na ƙanƙame. Ina nan kwance na ji wata ƙara a bayana. Na juya kai, ɗakin dutse babu shi, sai tulin duwatsu da ƙura na tashi, da gefen zanen Inna Ladi a ƙarƙashin dogaran ƙofa.

Da ƙasa ta lafa sai kukan mutane ya maye gurbin rurin. Na leƙa rijiya, ƙura ce kawai ke fitowa. Na yi ta kiran Malam, Malam, har muryata ta dushe, can sai igiyar ta ɗan motsa a hannuna, na ji nishi. Yashi ya binne shi har ƙirji. Na ja da iya ƙarfina, ko gezau. Na yi ta kiran a zo a taimake ni da 'yar Larabcin da na tsinta a Sudan, amma kowa na kan gawarsa. Bangon gidan mai gari ya faɗa wa mutane, gefen masallaci ya zube. 'Yan namu da suka tsira suna can suna tonon duwatsu da hannu. Rana ta take, jini ya bushe ya manne igiyar da naman hannuna, ƙudaje suka taru a kai.

Wajen azahar na ga maza sun nufo ni, na yi hamdala na ce taimako ya zo. Na gabansu wani dogo ne da jini a rigarsa, daga baya na ji 'yarsa ce bango ya danne. Ya nuna rijiya yana kumfar baki, ya ce tun kakanninsu ba a taɓa wuce zurfin nan ba, sai da baƙin Takari suka zo suka huda ƙasa suka taɓo abin da ke kwance a ciki. Wai a rufe ramin da abin da ke cikinsa kafin ya sake tashi. Yau da na tsufa na san baƙin ciki ne ke magana a bakinsa. A ranar kuwa da na samu maƙogwaronsa da haƙorana zan tsinke shi.

Suka fara ɗaukar duwatsu suna jefawa ciki. Na ji na farko ya faɗa, na ji maigida ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ban san lokacin da na haye gungumen na kwanta rub da ciki a kan bakin rijiyar ba, na baje hannu da ƙafa na rufe iya abin da jikina zai rufe. Sai duwatsun suka koma kaina. Ɗaya ya same ni a gadon baya numfashina ya ɗauke, ɗaya ya yage mini kunne, wani ya fasa mini baki, haƙoran gaban nan da ba ku taɓa gani ba a rijiyar suka faɗa. Ina zaginsu da Hausa, iyaye da kakanni, babu wanda na bari. Dogon ya zaro wuƙar ɗamararsa ya sunkuyo zai yanke igiyar. Na kai baki na cafki wuyan hannunsa na datse har na ji ƙashi, shi kuma yana dukan ƙeyata da ɗaya hannun, jininsa da nawa suna haɗuwa a bakina.

Abin da ya raba mu ƙasa ce, ta sake girgiza. Ba ta kai ta farko ba, amma ta isa. Suka zubar da duwatsu suka watse kowa ya nufi iyalinsa, suka bar ni a rataye kan gungume ina lilo.

Wanda ya cece mu ba ɗan garin ba ne. Wani tsoho ne mai raƙumi, ya gangaro daga tsauni neman ruwa, ya tarar da mace kwance a kan rijiya. Ya leƙa, ya dube ni, bai tambayi komai ba. Ya gurfanar da raƙuminsa, ya ɗaura igiyar kwando a sirdi, ya tuɓe riga ya zura kansa cikin ramin da har lokacin yashi ke zuba. Ya daɗe yana yaye ƙasa da hannu yana cika kwando. Da ya fito ya miƙo hannu in ba shi igiyar ƙugun ya ɗaura wa raƙumi, na girgiza kai. Ya sake miƙowa, na ƙi. Sai ya yi tsaki, ya kama ta daga tsakiya ya ƙulla a sirdi, ya bar mini bakin a hannu. Raƙumi ya miƙe ya taka, maigida ya fito kamar an zaro rogo, kafaɗa ɗaya a goce, kai a fashe, baki cike da yashi. Dagin na can ƙasa har yau.

Aka kwantar da shi. Idonsa biyu. Na durƙusa a kansa ina jiran maganar nan tasa, don in saki in huta. Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ɗaga tafin hannunsa daga ƙasa ya ɗora a ƙirji, ya naɗe ƙafafu. Bai ce in saki ba.

Ban samu yi wa Inna Ladi wanka ba, ba ni da hannun yi. Tsohon ya ce mu bar garin kafin mutanen su dawo hayyacinsu, ko su sake fita daga cikinsa. Ya jiƙa hannuwana da ruwan salkarsa ya ɓamɓare igiyar daga nama, ina cizon zane, ya shafa man shanu ya naɗe da tsumma, ya mayar mini da igiyar ya ɗaura a wuyan hannu da ya ga ba zan bari ba. Ya sa ƙafa ya mayar wa maigida kafaɗarsa, ya aza shi a raƙumi. Ya raka mu har muka haɗu da ayarin da ke bin gaɓar teku, ya zuba mini dabino a gefen zane, ya juya. Ko sunansa ban sani ba, amma ba na sallah in manta da shi.

Raunukan jiki sun warke a hanya, nawa yatsun suka warke a lanƙwashe. Abin da bai warke ba shi ne tsakanin maigida da ƙasa. Mutumin da ke ɗanɗana ta a harshe ya koma ba ya yarda ya taka ta sai ya ji igiyar ƙugunsa a miƙe, ni ina gaba ina ja. In ta yi sako-sako sai ya tsaya cak, gumi na karyo masa. Sallah a zaune yake yi da nuni, goshinsa ba ya taɓa ƙasa. Maganarsa duka ta koma guda, ya kama zanena ya ce, "Tana motsi." Haka muka bi ta Ƙunfuda, muka bi ta Lis, yara na bin mu da jifa, har muka shigo Makka bayan alhazai sun daɗe da watsewa.

Ni da na hango garin kuka na fashe da shi. Shi kuwa da ya ga tsaunuka sun kewaye mu ga dogayen gidajen dutse, sai ya rufe ido. Allah ya taimake mu a Tandabawi 'yan'uwanmu Takari ba su da abin gina dutse, gwangwanayen kananzir ake fasawa a daddale a yi ɗaki. Ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ya ji ba abin da zai kashe mutum, ya yarda ya shiga. Na kama sana'ar dafa wake da suyar gyaɗa a bakin hanya, yana zaune a gefena kan buhu, igiya daga ƙugunsa zuwa hannuna. Da ita nake barci, da ita nake alwala. Matan unguwa suka sa mana suna Hansai da ragonta. Wasu suka ce in ɗaure shi a turke in je harkata, wasu suka kawo rubutu ya sha har cikinsa ya kumbura. Ɗawafi kuwa ko ƙofar Harami ya ƙi shiga, saboda ginshiƙan dutse.

Da azumi ya kama, ba wanda ya gaya mana ana buga igwa daga kan dutse in rana ta faɗi. Muna tsakiyar kasuwa ta tashi. Maigida ya yi kururuwa ya zabura, ya ja ni a ƙasa ta cikin rumfuna, muka kifar da farantan masu sambusa da tulunan masu sayar da abin sha. 'Yan kasuwa masu azumi a baki suka rufe mu da sanduna. Na kwanta a kansa kamar yadda na kwanta a kan rijiya, na ce to, bayan nan dai ya saba.

Wadda ta fi ci mini rai a kasuwar Zahir ta faru. A zamanin ana sayen mutane a garin nan, kowane Batakare ya san haka, shi ya sa ba ma barin yara su yi nisa. Ina tsugune ina auna gyaɗa sai wani mai farar alkyabba da barori biyu ya tsaya a kanmu. Ya matsa damtsen maigida, ya kama haɓarsa ya buɗe bakin yana duba haƙora, maigida na zaune kamar ba shi ake taɓawa ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Bikam, ya hajja?" Nawa zan sayar. Bakin igiyar da ke hannuna yana da ƙulli kamar dunƙulen hannu, da shi na zabga masa a ido. Barorinsa suka yi kaina da duka, suka yaga mini mayafi, ɗaya ya kama igiyar yana jan maigida zai tafi da shi, ni ina ja, shi yana ja. 'Yan ga-ruwanmu ne suka ji ihuna da Hausa, suka sauke garewani suka zo da sandunan ɗaukar ruwa, aka yi ta fasa kawuna har masu alkyabba suka gudu.

Shaihin Takari, dattijon da ke sasanta al'amuranmu, ya sa aka kira mu. Ya ce na jawo wa jama'a fitina, kuma muddin ina yawo da namiji a ɗaure, wata rana za a yanke igiyar a tafi da shi inda ba zan sake ganinsa ba. Ya ce in kwance ta a gabansa yanzu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ni na ɗaura dokar ba. Shi ya ce kada in saki sai ya ce. Ga shi nan, a tambaye shi." Shaihi ya juya ya yi masa magana da taushi, ya yi da faɗa, maigida na kallon ƙafafunsa. Da muka koma ɗaki na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce na gaji, na ce ya mai da ni jaka, na ce da na sani na bi Inna Ladi ɗaki na huta. Na tsane shi a ranar, ba zan ɓoye ba. Na kama ƙullin wuyan hannuna da sauran haƙorana zan kwance, sai na ga yadda yake kallon ƙullin, kamar yadda na san yana kallon ɗan hasken bakin rijiya daga ƙasa. Na bar shi, na juya masa baya na yi ta kuka.

Hajji ya zagayo. Wani malami ya ce ba a ɗaura igiya a kan harami, na ce masa masu kuɗi na ɗaura ɗamarar guzurinsu ba wanda ya hana su, mu wannan ce tamu. Muka tsaya Arfa, muka kwana Muzdalifa, ni na tsintar mana tsakuwar jifa don shi ba zai taɓa ba. Da gari ya waye aka yi sallah, sai duk taron nan ya tashi lokaci guda ya nufi Mina, mutane da raƙuma masu ɗauke da darbuka, 'yan rumfunan nan da ake zama a ciki, da jakuna, da 'yan motocin manya suna ƙaho. Ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashinmu, rawa ta gaske, ni ma na ji ta a tafin ƙafa. Maigida ya ƙame a tsakiyar hanya. Na ja, ya ƙi. Na roƙe shi, na zage shi, jama'a na turowa daga baya. Wani raƙumi ya firgita ya yi gefe, taron ya karkato kaina, aka ture ni na faɗi.

Ban ga komai ba sai ƙafafu. An taka mini ciki, an taka mini wuya, wani ya faɗo kaina aka taka mu tare. Ƙura ta cika mini baki, na nemi numfashi na rasa, na yi shahada. Sai na ji wuyan hannuna zai tsinke. Igiyar ce ta miƙe, ana ja na. Ba fizga irin ta mai gudu ba, ja ne na mai aiki, hannu bayan hannu, a natse, yadda ake fid da kwando cike. Aka ja ni a kan tsakuwa ta tsakanin ƙafafun mutane har na fito gefen hanya bayan wani dutse. Na buɗe ido, maigida ne, ya tokare ƙafafunsa biyu a ƙasa ya turje, haraminsa ya zame, jini na ɗiga daga tafinsa.

Ya durƙusa ya share mini ƙasa daga baki da yatsa. Sannan ya dafa ƙasa da tafukansa biyu, ya daɗe a haka yana jin rawarta, yana kallon raƙuman da ke wucewa. Ya ɗebi 'yar ƙasar ya kai hanci, ya taɓa a harshe. Ya juya ya fuskanci alƙibla ya kifa goshinsa a kanta, ni ina kwance ina kallo na kasa ko motsi. Da ya ɗago, ƙasa manne a goshinsa, ya miƙe tsaye ya buga ƙafa ɗaya, ya buga ɗayar.

"Hansai," ya ce. "Na taka. Saki."

Na ce masa ba ta sakuwa, Malam. Gaskiya na faɗa, don da ana ja na na damƙe ta da hannu biyu, yatsun sun ƙage a kanta. Sai ya sake durƙusawa, alhazai na ta wucewa suna Labbaika, ya kwance ƙullin wuyan hannuna, ya riƙa ɓamɓare yatsuna daga igiyar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana hura musu iska kamar na ƙaramin yaro. Iyakar buɗewar da ya samu ya yi musu a safiyar nan, ita ce wannan da kuke gani.